Yadda Ake Fentin Ƙaramar Tankar Yaƙi Har Ta Fito Kamar Ta Sha Gwagwarmaya

Tankar da ka gama harhaɗawa daga kwali, idan ka ɗora ta a teburin wasa, roba ce kawai mai ruwan toka, ba ta da nauyi a ido ko kaɗan. Aikin fenti shi ne ya sa wanda ke tsaye a ɗaya gefen teburin ya yarda cewa wannan abin da bai fi tafin hannu ba ƙarfe ne mai nauyin tan 30, wanda ya kwana yana tafiya cikin ƙura da mutane a cikinsa. Ba sai kana da baiwar zane ba. Abin da ake bukata shi ne bin matakai a jere, da haƙurin barin kowane shafi ya bushe, da kuma sanin lokacin da ya kamata ka janye hannu.

Zan riƙe tanka ɗaya a matsayin misali daga farko har ƙarshe: T-34 ta Tarayyar Sobiyet, mai igwa milimita 76, kamar yadda take a yaƙin Kursk, a ƙasar Rasha, cikin watan Yuli na 1943. Inda Sherman ta Amurka ko tankokin Jamus suka sha bamban da ita, zan faɗa.

Ina take, kuma yaushe?

Kafin ka buɗe kwalbar fenti ko ɗaya, amsa wannan tambayar. Ita ce ke yanke launi, ita ce kuma ke yanke irin dattin da za ka zuba. Tankokin Jamus a farkon Yaƙin Duniya na Biyu ruwan toka ne mai duhu sosai. A watan Fabrairu na 1943 aka ba da umarnin komawa rawaya mai duhu, wadda suke kira Dunkelgelb, aka kuma riƙa ba sojoji kore da ja mai ruwan ƙasa a gwangwani, da kauri kamar man shafawa, su tsinka da fetur ko ruwa su yi wa tankar ɓad-da-kama da kansu. Shi ya sa da wuya ka ga biyu iri ɗaya sak a hotunan wannan lokacin. Idan ka saka Panzer IV mai rawaya da kore a yaƙin Faransa na 1940, duk kyan aikinka, wanda ya san tarihi zai gane da kallo ɗaya. Sobiyet ba su da wannan wahalar: kore ɗaya ne da ake kira 4BO a kan yawancin tankokinsu. Amurka kuma koren zaitun mai duhu ne, wanda a zahiri ya fi karkata ga ruwan ƙasa fiye da yadda mutane ke zato. Birtaniya ta yi ta sauye-sauye, launin yashi a saharar Masar da Libiya, ruwan ƙasa a gida, sannan a 1944 ta koma wani kore mai kusa da na Amurka.

Nemi hotuna baƙi-da-fari na lokacin yaƙin, biyar ko shida, ka ajiye su gabanka. Ba launi za ka duba a cikinsu ba. Ka duba inda ƙura ta taru, inda mai ya zuba, abin da aka ɗaure a bayan tankar. Hotunan da aka sa wa launi daga baya da kwamfuta, kada ka dogara da su, hasashen wani ne. Haka tankokin gidan tarihi, yawancinsu an sake musu fenti bayan yaƙi, wasu ma sau da yawa.

Akwai abu ɗaya da hotunan za su koya maka wanda ni na daɗe ban koya ba. Tankar da ke fagen daga ba yasasshiya ba ce. Yawancin T-34 da suka shiga Kursk watanni kaɗan ne da barinsu masana'anta. Sun yi datti, sun yi ƙura, amma ba su ruɓe ba. Tankata ta farko na lulluɓe ta da tsatsa tun daga bakin igwa har sarƙa, saboda na ga tsatsa tana da kyau a ido. Da na jera ta da hoton gaske sai na ga abin da na yi ya fi kama da wadda ta shekara 40 a cikin jeji. Na jiƙa ta na kankare fentin gaba ɗaya na sake daga farko, kuma na ji zafin kwanakin da suka tafi a banza.

Girma da kayan aiki

Masu wasan yaƙin tarihi sun fi amfani da girma uku: 1/100, wanda ake kira milimita 15, kamar na wasan Flames of War, 1/72, da 1/56, wato milimita 28, kamar na Bolt Action. A 1/56 gangar jikin T-34 ta ɗan haura santimita 10, a 1/100 kuwa kamar santimita 6 ce. Riƙe wannan lissafin a ka: ƙarzanen da ka yi mai faɗin milimita 1 a kan 1/56 daidai yake da santimita 5.6 a tankar gaske, a 1/100 kuma santimita 10 ne cur. Duk lokacin da hannunka ya yi nauyi, wannan lissafin zai dawo da kai hanya.

Kayan ba su da yawa. Fentin ruwa na akirilik, irin na Vallejo ko Tamiya ko makamantansu. Gwangwanin feshi na fentin shimfiɗa, wato wanda ake fara fesawa don sauran fenti ya kama. Buroshi mai faɗi ɗaya, mai tsini guda biyu, da wani tsoho da ba ka jin asararsa. Fentin mai na masu zane kala uku ko huɗu: ruwan ƙasa mai duhu, fari, rawaya mai launin ƙasa, da baƙi. Tina marar wari. Garin launi kala biyu ko uku. Banish mai sheƙi da marar sheƙi. Sai guntun soso, hantsaki, tsinken sakace, tsinken auduga na goge kunne, da fensir mai laushi. Bindigar feshi tana sauƙaƙa aiki, amma duk abin da zan faɗa a nan ana yin sa ba tare da ita ba.

Shiri da shimfiɗa

Kankare layin da mazubi ya bari, musamman a tsawon bututun igwa da gefen tayoyi. Ka bi shi da bayan aska, sannan samfefa mai laushi. Layin da ba ka gani yanzu, da zarar fenti ya hau zai fito ɓaro-ɓaro. Idan tankar ta rezin ce, wani abu mai kama da roba, ka goga da ruwa don kada garin ya tashi, ba a son shaƙar sa. Gam na roba narkar da robar yake yi ya haɗe ta, saboda haka ba ya kama rezin ko ƙarfe, waɗannan sai sufa-gulu. Huda bakin igwa da ɗan diril na hannu idan a toshe ya zo. Kada ka manne hasumiya, wato kan tankar da ke ɗauke da igwa, domin a wasa sai ta juya. Mutane da yawa suna saka ƙaramin maganaɗisu a ƙarƙashinta. Idan ƙirar ta ba da dama, bar sarƙa da tayoyi daban sai an gama fenti.

Wanke komai da ruwan ɗumi da sabulu, musamman rezin da ƙarfe masu zuwa da maiƙon mazubi, ka bari su bushe sarai. Manna kowane ɓangare a kan murfin kwalba ko guntun katako don ka samu abin riƙewa. Daga nan har ƙarshe yatsunka ba su da hurumi a jikin tankar.

Girgiza gwangwanin shimfiɗa na minti biyu cikakku. Fesa daga nisan santimita 20 zuwa 30, a waje ko inda iska ke shiga, kana wucewa da sauri, kana fara feshin kafin ka iso kan tankar kana kuma sakin sa bayan ka wuce. Siririn shafi sau biyu ya fi mai kauri sau ɗaya, domin mai kauri cike ramukan ƙusoshi yake yi. Ni baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu nake zaɓa, saboda duk lungun da buroshi ya kasa kaiwa daga baya zai zama inuwa. Bar ta ta kwana.

Launin jiki

Tsinka fenti da ruwa har ya yi kaurin madara. Shafin farko zai fito da dabbare-dabbare, kada ka damu, kada kuma ka koma kansa yana ɗanye. Na biyu da na uku su ne ke daidaita shi.

Ga wata dabara da ke raba aikin gwani da na ɗan koyo: kada ka yi amfani da launin kamar yadda ya fito daga kwalba. Ƙaramin abu ba ya kama haske kamar babba, kuma duk matakan da ke gaba ƙara masa duhu za su yi. Saboda haka ka haska korenka da ɗan rawaya mai launin yashi, kamar kashi ɗaya cikin biyar. Kada ka haska da fari zalla, kashe kore yake yi ya mayar da shi kamar alli. Bayan shafin ya bushe, ƙara haska launin kaɗan ka bi wuraren da ke kallon sama: rufin hasumiya, murfin ƙofofi, saman injin, tsakiyar faffaɗan sulken gaba. Bar ƙasan jiki da duhunsa. A wannan matakin za ka ga kamar ta yi haske da yawa. Haka ake so.

Idan ta Jamus ce mai kala uku, fara da rawaya, sannan ka zana iyakar kore da ja da siririn buroshi kafin ka cike. Domin samun gefe mai laushi kamar na feshi, tsinka fentin sosai ka riƙa dangwalawa da tsohon buroshi a bakin zanen. Bar rawaya ta fi yawa, ita ce uwar launi.

Yanzu sai ƙananan kaya. Robar tayoyi ruwan toka mai duhu, ba baƙi wuluk ba. Wasu T-34 na 1942 da 1943 sun fito da tayoyin ƙarfe zalla saboda ƙarancin roba, wasu kuma gauraye, saboda haka duba ƙirar da ke hannunka. Ƙotar shebur da gatari launin katako, kawunansu toka mai duhu. A tankokin Amurka sau da yawa kayan aikin ma koren jiki ne. Tamfol da jakunkuna ka ba su launin da ya ɗan saɓa da jiki, su ne ke jan ido daga nesa.

Lambobi da alamu

Sitikar ruwa ba ta zama lafiya a kan fenti marar sheƙi. Iska ke maƙalewa a ƙarƙashinta, sai gefenta ya riƙa walƙiya kamar azurfa. Maganin shi ne ka shafa banish mai sheƙi tukuna. Ni dukan tankar nake shafewa, domin matakin da ke biye ma yana bukatarsa. Jiƙa sitikar daƙiƙa kaɗan, zame ta da buroshi zuwa wurinta, danne da auduga don ruwa ya fita. Idan wurin yana da lanƙwasa ko ƙusoshi, ɗiga ruwan tausasa sitika, irin su Micro Sol. Za ta yamutse, gabanka zai faɗi, amma kada ka taɓa ta. Da kanta za ta miƙe ta lafe. Bayan ta bushe, sake rufe ta da banish.

Lambar ma tana da ma'ana. Jamusawa sukan rubuta lamba uku a hasumiya: 312 na nufin kamfani na 3, rukuni na 1, tanka ta 2. Idan kana yin tankoki da yawa na rukuni ɗaya, lambobinsu su bi juna. Tankokin Sobiyet sukan ɗauki fararen lambobi ko wani kirari da aka rubuta da hannu, kuma jan tauraro bai yawaita a kansu kamar yadda ake nunawa ba. Farin tauraron Amurka kuwa, sojoji da dama sun riƙa shafe na gefe da taɓo ko fenti, domin ya zama wa maharban abokan gaba wurin saiti.

Fito da lunguna

Matsa ɗan fentin mai ruwan ƙasa mai duhu a kan guntun kwali, ka bar shi rabin awa kwalin ya tsotse maiƙon, hakan na sa ya bushe da wuri kuma ba sheƙi. Tsinka shi da tina har ya zama kamar ruwa mai launi. Wannan shi masu harkar ke kira wosh. Kada ka yi wa tankar wanka da shi. Ɗebo da buroshi mai tsini, ka taɓa gindin ƙusa ko bakin ƙofa, za ka ga ya gudu da kansa ya zagaye wurin saboda santsin banish. Bi kowane layin walda, kowane tsagi, ragar saman injin, kewayen hasumiya. Bayan minti 15 zuwa 20, jiƙa buroshi mai tsabta da tina, matse shi har ya kusa bushewa, ka share inda ya yi ambaliya.

Dalilin da ya sa ake yin wannan da fentin mai a kan akirilik shi ne tina ba ya narkar da akirilik da ya bushe sosai, saboda haka kana da damar gyara ba tare da taɓa launin ƙasa ba. Sai dai kada ka bari tina ya taru a mahaɗar siraran sassa, yana iya raunana roba har ta tsage. Akwai wosh na ruwa da ake sayarwa a shirye, ya fi sauri, amma idan ya bushe ya bushe, ba gyara.

Bar ta kwana ɗaya, ka fesa banish marar sheƙi. Daga nan sai busasshen buroshi: dangwalo kore mai haske, goge a tsumma har ya zama kamar babu komai, sannan ka riƙa shafar kaifin gefuna da kawunan ƙusoshi sama-sama. Masu yi don baje-koli sun rage amfani da wannan dabarar, amma ga tankar wasa ina ganin har yanzu babu kamarta. Daga nisan mita ɗaya ake kallon tankarka, wani lokaci a ɗakin da haskensa bai kai ya kawo ba. Gefuna masu haske su ne ke nuna siffarta.

Ɓarewar fenti

A nan ne aka fi ɓata aiki, saboda akwai daɗin yi. Yago ɗan guntun soso, irin wanda ake samu cikin kwalin kaya, ka kama shi da hantsaki. Dangwala a kore mai haske fiye da na jiki, buga shi a takarda har ya zama ƙananan ɗigo ne kawai ke fita. Sai ka taɓa tankar a hankali, kana juya soson kowane taɓi don kada tabon ya maimaita kansa. Wannan shi ne ƙarzane na sama-sama, wanda bai kai ƙarfe ba. Sannan da buroshi mafi tsini, ɗiga ruwan ƙasa mai duhu ƙwarai a tsakiyar wasu daga cikin tabon, ba dukansu ba, ka bar siririn haske a gefe. Wannan hasken ne ke sa ido ya ga zurfi.

Tambayar da za ka yi kafin kowane taɓi ita ce: me ya ɓare wurin nan? Idan ba ka da amsa, kada ka taɓa. Bakin ƙofar da direba ke shiga yana fita, akwai amsa. Maratayin igiyar ja, akwai. Gefen madgad da ke gogar bango da itatuwa, akwai. A T-34 saman injin da kewayen marikan hannu sun cancanci gogewa sosai, domin sojojin ƙasa na Sobiyet a kan tankokin suke hawa zuwa fagen daga, takalma da bindigoginsu suna cin fentin. Amma tsakiyar sulken gefe, inda ba mai takawa, a bar shi lafiya.

Kada ka yi amfani da launin azurfa. Ƙarfen sulke idan ya bayyana duhu yake yi nan da nan. A tankokin Jamus, abin da ke ƙarƙashin fenti jan shimfiɗa ne mai kama da jan bulo, saboda haka wasu tabon su nuna shi. Wuri ɗaya da aka yarda ka saki hannu shi ne Arewacin Afirka. Tankokin Jamus na farko sun isa Libiya a 1941 da ruwan tokarsu, aka shafa musu launin yashi a kai, rana da yashi kuma suka riƙa cinye shi har tokar ta fito a manyan wurare. A can, ɓarewa mai yawa gaskiya ce.

Zirin ruwa da dusashewa

Da tsinken sakace, ɗiga ƙananan ɗigon fentin mai, fari da rawaya da ruwan ƙasa, a warwatse a kan sulken da ke tsaye ko a karkace. Kowane ɗigo kada ya fi kan allura. Ɗauki buroshi mai faɗi mai ɗan danshin tina, ka ja su daga sama zuwa ƙasa, ka goge buroshin, ka sake ja, har sai kusan duka sun ɓace, saura inuwarsu. Abin da zai rage shi ne zirin da ruwan sama ke bari idan ya wanko ƙura. A wuraren da ke kwance ba a ja, dangwalawa ake yi a zagaye. Yi ɓangare ɗaya ka gama kafin ka koma wani. Tsatsa, idan za ka sa, ziri biyu ko uku sirara daga ƙarƙashin wani tabo ko ƙugiya sun isa.

Sarƙa, ƙura da laka

Sarƙar tankar da ke tafiya kullum ba ta yin jar tsatsa. Ƙasa ce ke goge ta. Shafa mata ruwan ƙasa mai duhu da ya karkata ga toka, ka bi da wosh, ka cusa garin launi a ramukanta, sannan ka goga fensir a wuraren da ke taka ƙasa da haƙoran da ke bi tsakanin tayoyi. Murza da auduga, za ka ga ƙyallin ƙarfe na gaske wanda babu fentin da ke ba da shi. Sarƙar da ke rataye a jiki don ko-ta-kwana, wannan kam tana iya yin tsatsa. Sherman da yawa sarƙarsu tubalan roba ce, ƙarfen yana gefe ne kawai, saboda haka kada ka sa wa roba tsatsa ko fensir.

Ƙura ita ce ke haɗa komai ya zama abu ɗaya, kuma ita ce ke gaya wa mai kallo inda tankar take. Yankin Kursk baƙar ƙasa gare shi, idan ta jiƙe kusan baƙa ce, idan ta bushe sai ta koma toka-toka mai ruwan ƙasa. Nomandi ta Faransa a bazarar 1944 ƙura ce mai haske. Sahara rawaya mai fari-fari. Gauraya gari kala biyu aƙalla, kala ɗaya tak yana sa aiki ya zama lami.

Da tsohon buroshi, zuba garin a busasshe a ƙasan jiki, bayan tayoyi, cikin tayoyin kansu, kan madgad, da lungunan da iska ba ta sharewa, kamar gindin hasumiya. Sannan ka ɗebo tina ko ruwan kafe gari, ka taɓa gefen wurin, ka bar shi ya tsotsa da kansa. Kada ka shafa. Yana jiƙe zai yi duhu kamar ya ɓace, idan ya bushe zai dawo da haskensa, wani lokaci fiye da yadda ka zata. Saboda haka fara da kaɗan. Ƙa'idar ita ce datti ya yi yawa a ƙasa, ya riƙa raguwa yayin da kake hawa, bayan tanka kuma ya fi gabanta datti domin sarƙa can take watsa ƙasa.

Idan kaka ko bazarar Rasha kake nufi, lokacin da hanyoyi ke zama kogin taɓo, to sai laka mai kauri. Kwaɓa garin launi da ɗan garin filasta da farin gam na katako da ɗigon ruwa, za ka iya ƙara 'yan zaren ciyawar roba. Cusa a ƙasan jiki da tsakanin tayoyi. Yi kala biyu: busasshiya mai haske a sama, ɗanya mai duhu a ƙasa, ka ɗiga wa ɗanyar banish mai sheƙi a ƙarshe. Domin fantsama, tsinka kwaɓin, ɗebo a buroshi mai tauri, ka karta gashinsa da tsinke yana fuskantar tankar. Gwada a takarda tukuna, ka kuma kare saman tankar da wata takardar. Kada ka binne tayoyin gaba ɗaya, ka sha wahalar fentinsu.

T-34 injin dizal gare ta, kuma salansa biyu da ke bayanta suna barin baƙin tabo mai maiƙo da ke gangarowa a sulken baya. Baƙin gari da ɗan fentin mai baƙi za su ba ka wannan. Tankokin Jamus masu injin fetur, tukunyar salansarsu zafi ke ƙone mata fenti, saboda haka nan ne wurin tsatsa ta halal: dangwala ruwan ƙasa, ja, da ruwan goro da soso har ta yi kaushi. Kusa da murfin tankin mai, ɗigo biyu ko uku na tsinkakken baƙi da ruwan ƙasa a kan ƙurar, ɗaya a kan ɗaya, kowanne ƙarami fiye da na baya. Bakin igwa, ɗan baƙi kaɗan ya isa.

Farin hunturu

Ga mai son tankar ƙanƙara: sojoji farar ƙasa ko farin fenti mai wankuwa suke shafawa, da buroshi, da tsintsiya, da tsumma, kuma cikin makonni yake zubewa. Bayan ka gama kore da sitika ka rufe da banish, fesa feshin gashi siriri sau biyu, ya bushe, ka hau da siririn farin akirilik, da feshi idan da hali. Bayan kamar minti 15, jiƙa wuri ɗaya da ruwa, ka riƙa cakar sa da buroshi mai tauri. Ruwan zai narkar da feshin gashin da ke ƙasa, farin ya riƙa ɓallewa kamar na gaske. Cire shi sosai a wuraren takawa da kewayen injin mai zafi. Sau da yawa sojoji sukan zagaye lamba su bar ta a fili.

Rufewa

Tankar wasa hannu take sha, ana ɗauka ana ajiyewa, ana zuba ta a akwati. Dole a rufe ta da banish marar sheƙi, siriri, bayan fentin mai ya samu kwana biyu. Kada ka fesa a ranar da iska ke da laima sosai ko sanyi mai tsanani, yana iya bushewa da fari-fari kamar hazo. Ya taɓa faruwa da ni a kan tankoki uku a dare ɗaya. Shafin banish mai sheƙi a kai ya dawo da biyu daga ciki, ta ukun sai da na sake ta. Tun daga ranar nake fara gwadawa a kan wani tarkacen roba.

Banish yana dusar da garin launi, saboda haka bayan ya bushe ka ƙara ɗan gari a lungunan da yatsa ba ya kaiwa, ka sake bin sarƙa da bindigar mashin da fensir, ka ɗiga sheƙi a tabon mai da gilashin leƙe. Idan tankar tana kan faranti, ƙasar farantin ta zama kala ɗaya da ƙurar da ke jikinta.

Idan rukuni guda kake yi, tankoki uku ko biyar, yi su tare mataki-mataki da kwaɓin launi ɗaya, ka rubuta ma'aunin da ka gauraya a takarda domin ranar da za ka ƙaro wasu. Bambanta su da lamba, da kayan da aka ɗaure, da yawan datti, wata ta fi wata. Bayan kowane mataki ka ajiye su a tebur, ka ja da baya taku biyu, ka duba su daga inda abokin wasanka zai tsaya, sannan ka yanke ko akwai abin ƙarawa.